Da Gangan Nake Faɗuwa a Darasin Sunayen Ubangiji

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa, don na rasa yadda zan faɗi abin ba tare da an ɗauke ni mai taɓin hankali ko maƙaryaciya ba. Ta biyun ma dai ba zan yi musu ba.

Shekaruna arba'in da uku. Aurena ya mutu shekara tara da suka wuce, Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ba wannan ne ya kawo ni ba. Ina aiki a wani shagon tabarau, a ɗakin baya inda ake yanka gilashi a saka shi a firam. Daga safe zuwa ƙarfe huɗu daga ni sai injin, sai takardun likita da ake turo mini ta wata 'yar taga. Nakan san wane ne idonsa na hagu ya fi rauni, amma ban taɓa ganin fuskarsa ba, shi ma bai san da ni ba. Idan na tashi sai gida, inda muke zaune ni da mahaifina mu biyu tun rasuwar mahaifiyarmu.

Baba malami ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Ibrananci da Aramaik a makarantar horar da fastoci, wato harsunan da aka rubuta Tsohon Alkawari da su. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na sunayen Ubangiji, daga ina kowane suna ya samo saiwa, kuma me yake nufi. Muna yara ba mu damu da abin ba ko kaɗan. Mu dai mun san in ya fara a kan tebur, abinci sai ya huce.

Shekara uku ke nan da ciwon mantuwa ya kama shi. Ya fara da makulli da takalmi, ya koma sunayen maƙwabta, har ya iso kaina. Bai san ni ba, Gwaggo. Ni ce mai haɗa masa ruwan wanka, mai yanke masa farce, mai ba shi magani, amma sai ya ce, "Na gode, baiwar Allah," da irin ladabin da ake yi wa baƙo. A tunaninsa 'yarsa tana makarantar kwana, shekarunta goma sha ɗaya, har yakan tambaye ni ko an kusa hutu. Sau biyu na ce masa ai ni ce. Na farko ya yi dariya, na biyu ya tsorata har ya kulle kansa a ɗaki. Likita ta ce in daina.

Abin da bai manta ba shi ne kwalinsa. Tsohon kwalin takalmi ne da aka ɗaure da roba, cike da kati talatin da shida da ya rubuta da hannunsa. Kowane kati suna ɗaya, a gaba sunan, a baya saiwar kalmar da ma'anarta. Wata rana na dawo daga aiki na tarar ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya tsaya a gaban teburin cin abinci da kwalin da rajista da jan biro, yana ta faɗa wai biyar ta yi babu ɗalibi ko ɗaya. Dattijuwar da ke zama da shi da rana, muna ce mata Inna, ta rasa yadda za ta yi da shi. Ban tsaya wani tunani ba, na ajiye jaka na ja kujera na zauna. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce na makara minti goma.

Tun daga ranar, daga biyar zuwa shida, ina da uba. Muryarsa takan dawo, tsokanarsa takan dawo, har ɗan tarin da yake yi kafin ya faɗi abu mai muhimmanci. Ya koya mini El, wato Allah, da Elyon da ya fito daga kalmar hawa sama, shi ya sa muke cewa Maɗaukaki. Da muka zo Shaddai ya ce masana sun daɗe suna jayayya a kai, wasu sun ce dutse, wasu sun ce iko, kuma duk wanda ya ce mini ya san amsar tabbas, in riƙe jakata da kyau. Akwai katin da ke da haruffa huɗu kawai, wanda ba ya furtawa. Yakan ɗora yatsa a leɓe ya ce a nan ana karanta Adonai, wato Ubangijina. Na Aramaik kuwa, ranar da muka yi Attiƙ Yomin, Daɗaɗɗen Kwanaki, ya shafa furfurarsa ya ce tsufa ba abin kunya ba ne tunda har an kira Shi da shi.

Abin da yake maimaitawa kusan kullum shi ne, da yawa daga cikin sunayen nan ba a aji aka tsara su ba. Mutum ne ya shiga wani hali, ya ga abin da Ubangiji ya yi masa, sai ya kira Shi da abin da ya gani. Misalinsa na kullum El Ro'i ne, daga kalmar gani. Wata baiwa ce mai ciki ta gudu cikin jeji ita kaɗai, ba wanda ya bi sawunta, a can ta kira Shi Allah mai ganina. Ranar da ya ba ni labarin nan sai da na ce zan zaga, na je na yi kukana a banɗaki na wanke fuska na dawo.

Wanda ya fi karya ni shi ne katin Abba. Ya ce kalmar Aramaik ce, uba, kuma kada in yarda da masu cewa ta ƙananan yara ce kawai, manya masu furfura ma da ita suke kiran mahaifinsu. Ya ce in faɗa bayansa. Na dubi idonsa na faɗa. Shekara biyu rabon da in kira shi uba a gabansa bai firgita ba. Hawaye suka zubo mini, ya zaro hankici ya miƙo mini, ya ce furucin ya yi kyau, ya ba ni goma bisa goma.

To ga inda matsalar take. Abin da ya rage wa Baba na tunawa shi ne rajistar nan. Ba ya yarda da maganar kowa, amma ya yarda da rubutun hannunsa. Kafin a fara darasi sai ya buɗe ta ya karanta abin da ya rubuta jiya, da haka yake sanin inda muka tsaya. In na ci kati, sai ya mayar da shi bayan kwali ya sa maki. Da farko ni da zumuɗina na yi ta ci, cikin wata uku muka gama talatin da biyu. Sai wata rana ya ƙirga abin da ya rage ya ce saura huɗu in kammala, ya ba ni takardar shaidata in kama gabana, don shi ba ya riƙe ɗalibin da ya gama. Haka yake tun yana aiki, tsofaffin ɗalibansa sun san shi da wannan. Bai tsaya a faɗa ba, sai da ya rubuta a saman shafi da jan biro, wai in ta gama kwali a sallame ta. Kullum kuma sai ya karanta wannan layin.

Daga ranar na fara faɗuwa da gangan. Wata biyar ke nan muna kan kati huɗu. Na san su kamar yunwar cikina, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe su, amma in ya tambaya sai in ba shi saiwar wani sunan, ko in juya ma'anar, ko in yi shiru ina kallon silin. Wallahi daƙiƙanci ma sai da basira, don ba ya son a maimaita kuskure ɗaya sau biyu, kullum a mota ina hanyar gida ina shirya sabon shirme. Da farko abin har daɗi yake mini. Yakan yi mini faɗa, ya sake bayani, ya zana haruffan manya-manya, wani lokacin mu wuce shida da kwata.

Satin da ya wuce ne ya juya shafukan baya, ya yi ta kallon sifili a jere, shafi bayan shafi. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya rufe biro ya ce, "Ba laifinki ba ne, yarinya. Shekara talatin ban taɓa kasa koyar da ɗalibi haka ba. Ni ne na ƙare." Washegari da zan kai kwat ɗinsa wanki na samu takarda a aljihu, ya rubuta wa shugaban makaranta cewa zai ajiye aiki, don kada ya ci gaba da cutar 'ya'yan mutane. Mutumin da yake rubuta wa ya rasu tun kafin mahaifiyarmu. Tun ranar abincinsa ya ragu, Inna ta ce da rana ba ya ko leƙa taga. Jiya biyar ta yi bai sa kwat ba, sai da na tsaya a bakin ƙofarsa da littafina ina roƙo.

Na gaya wa yayana, wanda ke zaune nesa da iyalinsa, yana kiranmu a waya ranar Lahadi. Ya ce tun farko wasan yara ne, kuma wasa da sunayen Ubangiji ba ƙaramin zunubi ba ne, in ɓoye kwalin a huta. Na ji haushinsa, don shi ko farcen Baba bai taɓa yankewa ba. Amma maganar ta zauna mini. Na san ma'anar sunan Mahaliccina ina faɗin akasinta da bakina kullum. Yanzu in na durƙusa zan yi addu'a, kowane suna na ɗauko sai in ji kunya in mayar.

Wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba. A rajistar akwai gurbin sunan ɗalibi. Ranar farko ya tambaye ni sunana, na faɗa masa, sunan da shi da kansa ya raɗa mini. Ya yi murmushi ya ce sunan 'yarsa ne, amma bai rubuta ba, wai kada ya rikice. Bayan kwana biyu na leƙa na ga ya cike gurbin da kansa. Ya rubuta "mai zuwa kullum". Mutumin da ya riƙe suna talatin da shida da saiwarsu, nawa guda ɗaya ya gagare shi. Duk lokacin da na gani sai in ji kamar an goge ni daga gidanmu.

Gwaggo, in na ci jarrabawar zai sallame ni, in koma baiwar Allah mai kawo magani, awa ɗayan da nake da ita a duniya ta tafi. In na ci gaba da faɗuwa ina kashe shi a tsaye. Ba ni da ƙawar da zan yi wannan maganar da ita, duk sun gaji da gayyatata ina cewa ba hali. Ki gaya mini abin yi, ko da zai yi mini ɗaci.

Taki, Ɗalibar Ƙarya.

AMSAR GWAGGO

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da mai ɗacin tunda kin ba ni izini. Ki ci jarrabawar. Gobe in biyar ta yi, ki zauna ki ba shi amsar kati ɗaya daidai, ki bar shi ya sa miki makinki. Mahaifinki ya rasa matarsa, ya rasa sunayen mutane, ya rasa hanyar gidansa. Abin da ya rage masa shi ne sanin cewa shi malami ne kuma ya iya aikinsa. Wannan ɗin ne kike cire masa kaɗan-kaɗan kowace yamma ba da nufi ba. Takardar da kika gani a aljihunsa ba ruɗin ciwo ba ne kawai, mutum ne mai mutunci ya duba sakamako ya hukunta kansa.

Ban ce miki muguwa ba. Wadda ke wuni da inji, ta dawo gida a ce mata baiwar Allah, in ta samu awa ɗaya da ake kallon idonta ana yi mata magana, dole ta riƙe da hannu biyu. Zaman da kika yi a kujerar nan ranar farko alheri ne, kuma ban ga ƙarya a ciki ba, don ɗalibar gaske ce ke. Ni da ban san ko harafi ɗaya na Ibrananci ba, daga wasiƙarki na koyi sunaye shida ko bakwai. Ƙaryar ta fara ne ranar da kika san amsa kika ɓoye. A nan yayanki yana da gaskiya, ko da yake ya faɗe ta daga nesa, cikin kujera mai laushi. Inda ya kauce shi ne batun ɓoye kwali. Wanda ya ɗauke kwalin nan ya ɗauke tsohon gaba ɗaya. Batun zunubi kuwa ba fannina ba ne, ki je ki zauna da fastonku ki faɗa masa yadda kika faɗa mini. Amma ina zaton ranar da kika daina juya ma'anar sunayen, kunyar da ke hana ki addu'a za ta ragu da kanta.

Ba sai kin gama huɗun a rana ɗaya ba. Ɗalibar da ta yi wata biyar tana cin sifili ba ta zama gwana a kwana guda, shi ma zai yi mamaki. Ki nemi ya ba ki kati ɗaya a sati, ki roƙe shi ya faɗaɗa bayani, ki yi masa tambayoyin da da gaske ba ki san amsarsu ba. Na tabbata suna da yawa. Kada kuma ki taɓa rajistar. Kada ki yage shafi, kada ki goge layin sallama, kada ki rubuta masa amsar ƙarya da sunan shugaban da ya rasu. Rajistar ce kaɗai abin da ya yarda da shi, in ta ci amanarsa ba shi da sauran madogara. Makin kirki a jere shi ne amsar takardar ajiye aikin.

Kafin ki kai katin ƙarshe, ki nemi aiki a wurinsa. Katunan da suka yi shekara talatin a kwalin takalmi na san tawadarsu ta fara dushewa. Ki ce kina so ki kwafe su a sababbi, amma ba za ki iya ba sai ya duba kowane ɗaya da jan birosa. Wannan ba dabara ba ce, aiki ne da ya kamata a yi tun tuni. In ya yarda, ki sa ya rubuta a rajistar da hannunsa, a ƙarƙashin wancan layin. Malamin da ba ya riƙe ɗalibi yana iya riƙe mataimakiya.

Sai kuma ajin kansa. Mutumin da ya koyar shekara talatin da ɗaya yana da ɗalibai a ko'ina, wasu ma sun yi furfura. Ki samu biyu ko uku ki gaya musu halin da ake ciki, su riƙa zuwa ko sau ɗaya a wata su zauna a teburin. Ki sanar a cocinku cewa akwai darasi kyauta ƙarfe biyar, za ki yi mamakin wanda zai zo. Yayanki ma, maimakon wa'azin ranar Lahadi, ya zo ya ja kujera a tambaye shi saiwar Elyon mu ga abin da zai ci. Na san za ki ji kishi, don awar taki ce ke kaɗai. Ki daure. Gidan da mutane ke shigowa ya fi miki, kuma ranar da wani ya zauna da shi, ke ki sa takalmi ki je wurin ɗaya daga cikin ƙawayen nan da kika ce sun gaji. Ba su gaji kamar yadda kike zato ba. Batun raguwar abincinsa kuma ki kai wa likitarsa cikin satin nan, kada ki jira. Ki riƙa ɗaukar muryarsa a waya lokacin darasi, wata rana za ki gode mini.

Ba zan ruɗe ki ba, yana iya ƙin duk wannan ya miƙa miki takardarki ya ce ki tafi. Ko bai yi haka ba, ciwon nan ba ya komawa baya, akwai ranar da biyar za ta yi bai san kwalin ba. Awar nan za ta ƙare ko kin ci ko kin faɗi. Abin da ke hannunki shi ne shafin ƙarshe da zai karanta, ko ya ga ya kasa koyar da ɗalibarsa ta ƙarshe, ko ya ga ya yaye ta. In ya ba ki takardar, ki karɓa da hannu biyu ki sa ta a firam, ai aikinki ne.

Saura abin da kika ce ba ki gaya wa kowa ba. 'Yata, ke ce fa kika rubuta mini abin da yake maimaitawa kullum, cewa mutum yakan shiga wani hali, ya ga abin da aka yi masa, sai ya ba da suna daga abin da ya gani. Mahaifinki yana cikin nasa jejin, bai san shekara ba, bai san fuskoki ba. Ya ɗaga kai ya ga mutum ɗaya da ba ta fashi, ya ɗauki biro ya rubuta abin da ya gani. Sunan da ya raɗa miki kina jaririya, fata ne ya yi miki tun bai san wace ce za ki zama ba. Wannan na biyun bayan ya gani ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan sunaye bai san wata hanyar girmamawa da ta wuce wannan ba, kuma ita ya yi miki.

Don haka ban karɓi sunan da kika sa a ƙasan wasiƙarki ba. Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki ƙarfin zuciya da abokan zama na gari. Ki je ki ci goma bisa goma, Mai Zuwa Kullum, kuma kada ki makara.

Gwaggo.